Fim ɗin mutumin da ya yanke hannunsa a kwazazzabo: gaskiya ne, kuma ta yaya ya rayu?

"Assalamu alaikum Likita. Na kalli wani fim na Amurka mai suna 127 Hours, inda dutse ya danne hannun wani mai hawan duwatsu yana shi kaɗai a daji, ya kwana biyar a wurin, daga ƙarshe ya yanke hannun da 'yar ƙaramar wuƙa ya fita. An ce wai labarin gaskiya ne, ni kuwa na kasa yarda. Ta yaya mutum zai yanke hannunsa bai suma ba, jini kuma bai ƙare masa ba? Me ya hana shi yin hakan tun ranar farko, ko ya ɗaga dutsen da igiyar da yake da ita? Sannan fitsarin da ya sha, yana taimakawa ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shakkarka tana bisa hanya, domin duk wanda ya san yadda jini ke zuba daga hannu idan an sare shi zai yi irin wannan tambaya. Amma labarin ya faru, kuma yadda fim ɗin ya nuna yankan ya yi daidai da abin da muka sani game da ƙirar hannun ɗan'adam. Abin da kake son sani shi ne yadda jiki ya jure, da kuma ko akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ra'ayina a taƙaice: wuƙar nan da kowa ke magana a kanta ita ce mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da suka fitar da shi. Karya ƙashi, da ɗaurin tsayar da jini, da daidaituwar lokaci, su suka yi aikin, da ikon Allah.

Abin da ya faru

Sunan mutumin Aron Ralston, injiniya ne da ya bar aikinsa a kamfanin Intel ya koma jihar Kolarado don ya samu sararin hawan duwatsu. Yana da shekara 27 a lokacin. Ranar Asabar 26 ga Afrilun 2003 ya shiga wani matsattsen kwazazzabo da ake kira Bluejohn a kudu maso gabashin jihar Yuta, kusa da gandun Canyonlands. Irin wannan kwazazzabo ruwa ne ya sassaƙe shi a cikin dutse tsawon zamani, har ya zama tsagi mai zurfi wanda faɗinsa a wasu wuraren bai wuce mita ɗaya ba. A cikinsa akan samu manyan duwatsu da ambaliya ta gangaro da su suka maƙale tsakanin bango biyu, mai wucewa sai ya bi ta kansu ko ta ƙarƙashinsu. Yana saukowa ne daga kan irin wannan dutse, ya rataya da hannayensa a jikin dutsen, sai dutsen ya motsa. Ya saki ya dira ƙasa, dutsen ya biyo shi, ya bugi hannun hagu, sannan ya matse na dama da bango daidai wuyan hannu. Nauyinsa ya kai kilo 360.

Bai gaya wa kowa inda za shi ba. Babu waya a tare da shi. Ruwan da ya rage masa bai kai lita ɗaya ba, abincin kuma ɗan kaɗan ne. Yana da igiya, da ɗamarar hawa, da zobban ƙarfe na maƙala igiya, da kyamarar bidiyo, da wata 'yar wuƙa mai araha irin mai haɗe da filaya. Ya zauna a haka har safiyar Alhamis 1 ga Mayu.

Danny Boyle ne ya ba da umarnin fim ɗin, ya fito a 2010, James Franco ya fito a matsayin Ralston, A. R. Rahman wanda masu kallon fina-finan Indiya suka sani shi ya yi kiɗan. An gina shi a kan littafin da Ralston ya rubuta a 2004. Babban ƙarin da aka yi shi ne wurin da yake ninƙaya da 'yan mata biyu a wani ɓoyayyen tafki. Ya haɗu da su da gaske, amma babu wannan wanka. Ambaliyar da ta zo ta ɗaga dutsen kuwa mafarki ne ko a cikin fim ɗin, ko da yake haɗarin na gaske ne: a watan Agustan 1997 ambaliya ta kashe mutum 11 a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona, daga ruwan da aka yi a nesa da inda suke.

Me ya sa igiya ba ta ɗaga dutsen ba

Ya gwada, kuma ya gwada da ilimi, tunda injiniya ne. Ya jefa igiya ta maƙale a wani dutse da ke sama, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin dutsen da ya danne shi, ya zagaya ta cikin zobban ƙarfe don ya ninka ƙarfinsa. A lissafin takarda, tsarin da masu aikin ceto suka fi amfani da shi yana ninka ƙarfin mai ja sau uku. Amma wannan lissafi yana aiki ne idan akwai kura mai juyawa irin ta bakin rijiya. Idan igiya tana gogar zoben ƙarfe ne kawai, kusan rabin ƙarfin yana tafiya a gogayya a duk inda ta lanƙwasa, sai ninki ukun ya dawo ƙasa da biyu. A ce mutum mai kilo 75 ya saki dukkan nauyinsa a kan igiyar, abin da zai isa ga dutsen bai fi kilo 150 ba, ana neman 360, kuma wannan ma idan dutsen a sake yake, ba a cushe tsakanin bango biyu ba. Ga wata matsalar: igiyar hawan dutse da gangan ake yin ta tana miƙewa, don ta sassauta fizgar wanda ya faɗo. Idan aka ja ta don ɗaga kaya sai ta yi ta miƙewa tana shanye ƙarfin. Bayan an cece shi, sai da mutum 13 suka je da injin ja da jak mai aiki da mai kafin suka iya motsa dutsen su ciro guntun hannun.

Sassaƙar dutsen da ya yi da wuƙa ma ta ƙara masa wahala ne. Hannunsa yana cikin abin da ke tallafe da dutsen, don haka duk ɗan abin da ya kankare a gefe sai dutsen ya ƙara zama a kan hannun. Sannan sassaƙar ta dakushe kaifin wuƙar da zai buƙata daga baya.

Ƙashi ne ya tsare shi, ba rashin zuciya ba

Mutane da yawa suna zaton kwana biyar ɗin nan ya yi su ne yana tara ƙarfin hali. Ba haka ba ne. Tun a kwanakin farko ya shirya ɗaurin tsayar da jini, ya gwada yankan fata, har ya soka wuƙar ta taɓo ƙashi. A nan ya tsaya, domin ya gane wuƙar ba za ta yanki ƙashi ba. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi biyu ne jere da juna, ɗaya ta ɓangaren babban yatsa, ɗaya ta ɓangaren ƙaramin. Ɓawon ƙashin saurayi lafiyayye yana da tauri ƙwarai. A ɗakin tiyata da zarto mai aiki da lantarki muke yanka shi, ko da wata waya mai haƙora da ake ja gaba da baya. Wuƙa mai tsawon santimita 5 da ta sha gogar dutse ba ta da abin da za ta yi masa. Da ya yanke naman duka tun ranar Lahadi, da ya zauna a nan a maƙale da ƙashi biyu, jini yana zuba.

Abin da ya faɗo masa a safiyar Alhamis shi ne cewa ba sai ya yanki ƙashin ba. Dutsen ya riƙe hannun gam, saboda haka idan ya saki nauyin jikinsa ƙasa, hannun zai lanƙwasa a bakin dutsen har ƙashin ya karye, kamar yadda ake karya rake a gwiwa. Dogon ƙashi yana jure nauyin da ya bi tsawonsa, amma ba ya jure lanƙwasa ko murɗa. Ya karya na farko, ya sauya tsayuwa ya karya na biyu. Daga nan sai nama ya rage, aikin kuma ya ɗauke shi kimanin sa'a ɗaya.

Yadda ya bi naman shi ma da tsari. Ya riƙa sa yatsunsa cikin raunin yana lalubo abin da zai yanka, yana raba tsoka kaɗan-kaɗan, yana kauce wa manyan jijiyoyin jini sai can ƙarshe. Jijiyoyi masu tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi sun fi ƙarfin wuƙar, sai da ya sa filaya ya murɗe. Mafi zafi shi ne yanke jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Manya uku ne irinta a wannan sashe na hannu, kuma taɓa ɗaya kawai yana sa mutum ya ji kamar an zuba masa wuta tun daga yatsu har kafaɗa. A fim ɗin an nuna wannan da wata ƙara mai tsinka kunne, kuma a ganina nan ne suka fi kusantar gaskiya.

Batun suma kuwa, zafi ba ya sumar da kowa. Suman da ake yi don ganin jini ko jin zafi yana faruwa ne idan bugun zuciya ya ragu farat ɗaya, jijiyoyin jini suka saki, jini ya gaza isa kai. Wanda ke tsakiyar fafutukar tsira jikinsa yana yin akasin haka: yana sakin sinadarin da ke ƙara bugun zuciya, ya matse jijiyoyi, ya dushe jin zafi na ɗan lokaci. Muna ganin haka a sashen gaggawa, mutum ya shigo da ƙafarsa da mummunan rauni yana magana daidai, sai bayan ya kwanta hankalinsa ya dawo sannan jiki ya saki. Shi ya sa aka samu 'yan kallo da suka suma a lokacin da aka fara nuna fim ɗin, alhali mai hannun bai suma ba. Kuma ka tuna tafin hannun da ke ƙarƙashin dutsen ya riga ya mutu. Tsoka ba ta wuce kimanin sa'a 6 ba tare da jini ba, nasa kuwa ya kwana biyar. Da ya soki babban yatsan da wuƙa, iskar ruɓa ce ta fito. Wurin da ya yanka a sama dai rayayye ne, ya ji komai.

Me ya sa jini bai ƙare ba

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Zai iya rasa kashi 15 cikin ɗari bai ji komai sosai ba. Daga kashi 30 zuwa 40 zuciya tana gudu, fata ta yi sanyi, hankali ya fara gushewa, abin da ya haura haka kuwa ba a tsira sai da ƙarin jini. Ralston ya rasa wajen kashi 25 cikin ɗari, wato ya kusa bakin iyaka amma bai tsallaka ba.

Dalilai uku suka taimaka. Manyan jijiyoyin jini biyu na wannan sashe ƙanana ne, faɗin kowace milimita 2 zuwa 3, ba kamar ta cinya ba wadda ke iya zubar da jinin mutum cikin 'yan mintuna. Sannan jijiyar da aka tsinke gaba ɗaya, musamman da abu maras kaifi, tana janyewa cikin nama ta tsuke bakinta, saɓanin wadda aka tsaga rabi, wadda ke zama a buɗe tana ta zuba. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci, ɗaurin da ya yi da kayan bututun jakar ruwansa, ya sa zoben ƙarfe ya murɗa har ya matse.

A nan zan ɗan tsaya, domin cikin duk abin da ke fim ɗin wannan ne kaɗai mai karatu zai iya buƙata wata rana, a haɗarin mota ko a bakin injin niƙa. Da farko a danna raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a riƙe ba ɗagawa, yawancin zubar jini a nan take tsayawa. Idan jini yana tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, kuma raunin a hannu ne ko ƙafa, sai a yi ɗauri. A samu ƙyalle mai faɗin aƙalla santimita 4 zuwa 5, kamar rawani ko ɗankwali da aka ninka. A zagaya shi sau biyu a saman raunin da tazarar santimita 5 zuwa 7, ta ɓangaren da ya fi kusa da jiki, ba a kan gwiwa ba. A ƙulla sau ɗaya, a ɗora sanda mai ƙarfi ko sifana a kan ƙullin, a sake ƙullawa a kanta, sannan a yi ta murɗa sandar har jinin ya tsaya cak. A ɗaure sandar don kada ta warware, a rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin mutumin ko a takarda.

Kurakuran da muka fi gani guda uku ne. Akwai ɗauri sako-sako, wanda ke toshe hanyar komawar jini amma bai toshe ta zuwansa ba, sai zubar ta ƙaru. Akwai amfani da waya ko siririyar igiya, wadda ke yanka fata ta lalata jijiyoyin saƙo ba tare da ta matse na jini ba. Akwai kuma tausayi: mutum yana kuka ɗaurin na masa zafi, sai a sassauta masa "ya ɗan huta". Ɗaurin da aka yi daidai dole ya yi zafi, kuma duk sassautawa jini ne ke tafiya. Har zuwa sa'a 2 galibi gaɓar ba ta samun illa mai ɗorewa, bayan sa'a 6 kuwa da wuya a cece ta. Asibiti ne wurin kwance shi.

Lokaci

Bayan ya rabu da dutsen, aikin bai ƙare ba. Ya naɗe dungulmin, ya fita daga tsagin, ya sauka da igiya daga wani bango mai tsayin mita 20 da hannu ɗaya, ya tarar da wani gurɓataccen kududdufi ya sha. Motarsa tana nesa da kimanin kilomita 13. Ya yi tafiyar wajen kilomita 10 kafin ya haɗu da wasu 'yan ƙasar Holan, miji da mata da ɗansu, suka ba shi ruwa da abinci, suka nemo taimako. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi kimanin sa'a 4 bayan yankan, zuwa asibiti a garin Mowab.

Jirgin nan ba don shi ya yi kira ya zo ba. Abokan sabon aikinsa a Kolarado ne suka ga bai zo aiki ba, mahaifiyarsa ta tashi tsaye, aka yi ta bin sawu har aka gano motarsa a safiyar ranar da ya yanke hannun. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa da ya yi yankan kafin wannan rana da jini ya ƙare masa ba a same shi ba, da kuma ya ƙara jinkiri da gawarsa za a tarar. Na yarda da wannan lissafi, domin abin da ya rage tsakaninsa da motar hawa ne mai tsayi, sannan doguwar hanyar da ba kwalta, ga mutumin da ya rasa rubu'in jininsa. Wannan shi ne cikon amsar tambayarka ta "me ya hana shi tun ranar farko".

Ruwa, fitsari da sanyi

Ko mutum yana zaune a inuwa, jikinsa yana zubar da ruwa lita 2 zuwa 2 da rabi a yini ta fitsari, numfashi da fata. Ƙoda ba ta iya rage fitsari ƙasa da kimanin rabin lita ba tare da dattin jini ya fara taruwa ba. Idan ruwan da aka rasa ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, ƙishi ya kama, tunani ya fara rauni. A kashi 10 mutum yana ganin abin da babu, irin gane-ganen da fim ɗin ya nuna. Daga kashi 15 zuwa sama ana mutuwa. Abin da ya ja masa kwana shi ne wurin da yake: rana ba ta shiga tsagin sai na 'yan mintuna da safe, ba ya gumi, ba ya tafiya. Da a fili ne cikin zafin bazara, da kwana biyu zuwa uku sun isa.

Fitsari kuwa ba na ba da shawarar shan sa. Aikin ƙoda shi ne ta tattara gishiri da datti ta fitar da su a cikin ruwa mafi ƙaranci da za ta iya. Wanda ƙishi ya kama, fitsarinsa ya fi jininsa kauri da gishiri, idan ya sha sai ƙodar ta nemi wani ruwan daga jiki don ta sake fitar da abin da ta riga ta fitar. Fitsarin farko, tun yana fari-fari, illarsa kaɗan ce, amma na kwana na uku da na huɗu, wanda ya yi duhu, ƙara ƙishi yake yi, yana kuma iya jawo amai, wanda shi ma asarar ruwa ce. Ya sha ya kuma rayu, wannan gaskiya ne, sai dai ba shan ne ya raya shi ba. Abin da ke da amfani shi ne rage asara: zama a inuwa, rufe baki a yi numfashi ta hanci, barin motsi da rana, da rage cin abinci idan babu ruwa, musamman nama, domin narkar da shi yana cin ruwa.

Sanyi shi ne abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba. Dare a hamadar Yuta a watan Afrilu yana da sanyi sosai, shi kuwa riga mai gajeren hannu da gajeren wando ne a jikinsa, ga dutse yana zuƙe ɗumin jiki. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma jini ma ba ya daskarewa da kyau a jikin da ya yi sanyi. Dabarun da ya yi masu kyau ne: ya naɗe ƙafafunsa da igiya, ya cusa kansa a jakar igiyar don ya tare ɗumin numfashi, ya rataya ɗamararsa ya samu abin zama don ƙafafu su huta.

Idan dutse ko gini ya danne wani a gabanka

Akwai wani haɗarin da bai same shi ba saboda tafin hannu ba shi da tsoka mai yawa, amma yana samun waɗanda gini ya rufta musu ko ramin haƙar ma'adinai ya danne musu cinya. Tsokar da aka matse na sa'o'i tana fashewa ta saki sinadarin fotasiyam da wani furotin. Muddin nauyin yana kai, gubar tana tsare a wurin. Da zarar an ɗaga sai ta kwarara cikin jini, fotasiyam ya rikita bugun zuciya, furotin ɗin ya toshe ƙoda. Likitoci a Landan sun bayyana wannan a 1941, a jikin mutanen da aka ciro daga gine-ginen da bama-bamai suka rusa: a fito da mutum yana magana, bayan 'yan kwanaki ƙoda ta tsaya. Maganinsa ƙarin ruwa ta jijiya da wuri, lita 1 zuwa 1 da rabi a sa'a ga babban mutum a farko, kuma an fi so a fara tun kafin a ɗaga nauyin idan ma'aikatan lafiya suna wurin. Idan babu su, ba a barin mutum a danne ana jira. A ciro shi da gaggawa, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Fitsari mai launin shayi alama ce cewa ƙoda ta fara shan wahala.

Abin da zai hana a kai ga wuƙa

Da ya bar takarda mai layi huɗu, da an fara nemansa tun ranar Lahadi a wurin da yake. Hannun dai da wuya a cece shi, amma da likitoci ne za su yanke shi da allurar kashe zafi. Takardar tana buƙatar sunan wurin da hanyar da za a bi, inda za a ajiye mota da lambarta, lokacin dawowa, da lokacin da idan ya wuce ba a ji ɗuriyar mutum ba a kira hukuma. Layin ƙarshen nan shi aka fi mantawa, kuma in babu shi 'yan'uwa sukan ɓata kwana guda suna cewa wataƙila ya tsaya wani wuri ne. Bayan takarda sai usur, wanda ƙararsa ta fi ihu nisa kuma ba ya busar da maƙogwaro, busa uku a jere ita ce alamar neman agaji. Akwai kuma 'yar na'urar kiran ceto da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda aka halatta wa jama'a amfani da ita a faɗin Amurka a watan Yulin 2003, wata biyu bayan wannan lamari. Tana buƙatar ganin sarari, don haka a cikin tsagi mai zurfi saƙon yana iya jinkiri ko ya ƙi fita, shi ya sa ba ta maye gurbin takardar.

Iyakar abin da rubutu zai iya yi ke nan. Babu likitan da zai zauna daga nesa ya ce wa mutum ga ranar da ya kamata ka yanke gaɓarka, kuma kada wani ya ɗauki bayanin da na yi a matsayin darasin yin hakan. Mafi yawan waɗanda za su gwada ba za su kai inda ya kai ba, a cinya ko a saman gwiwar hannu kuwa lissafin jinin daban ne gaba ɗaya. Shi kansa bai tsira daga asibiti da sauƙi ba, ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashin, an yi masa tiyata sau da dama kafin a sa masa hannun roba, ko da yake ya koma hawan duwatsu bayan haka. Ɗaurin tsayar da jini ma da hannu ake koyon sa, a wurin masu koyar da agajin gaggawa irin su Red Cross, domin sai ka murɗa sandar da kanka za ka san irin ƙarfin da ake buƙata.

Abu ɗaya ya rage da ake yawan tambaya bayan wannan fim: ko da an ciro hannun za a iya mayar masa? A'a, ya riga ya ruɓe, ƙona shi aka yi aka ba shi tokar. Amma idan inji ya cire wa wani yatsa ko hannu yanzu-yanzu, a tsayar da jinin tukuna, sannan a ɗauki guntun a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi a ruwa ko a zuba masa wani magani. Sashen da ke da tsoka, kamar hannu, yana da kimanin sa'a 6 idan ba a sanyaya shi ba, sa'a 12 idan an sanyaya. Yatsa, da yake ba shi da tsoka, yana jure fiye da haka. A tafi da shi tare da mai raunin zuwa babban asibitin da ke da likitocin tiyata, kuma kada a ba mai raunin abinci a hanya, saboda allurar barcin da za a yi masa.